Amanar Alkamar Si Haddu

Jawabin da Bassu Uzayid, mai kiwon zuma, ya yi a sadakar arba'in ta marigayi Si Haddu Amezyan, a ƙofar gidansa da ke Amalu. Tuda, 'yar marigayin, ta rubuta shi yadda aka faɗa, ba ta rage komai ba.

Da sunan Allah, wanda ke tsaga ƙwaya a cikin duhun ƙasa ya fito da ita kore, wanda kuma zai fito da mu haka ranar da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma Ƙa'id, mai riƙe da gundumarmu, mun gode da ka hawo mana wannan hanya tamu mai karya mota. Manyan baƙi daga tashar binciken noma, abokan aikin marigayi, sannunku da zuwa. Liman, da malaman da suka sauke Alƙur'ani tun da hantsi, Allah ya saka da alheri. Amgar Si Assu, shugaban jama'ar Amalu, ɗan baffan marigayi, ina gaishe ka da girman kujerarka. Dattawa, iyaye mata da ke can ciki, Lalla Ittu da ke jina ta bayan taga cikin farin takaba, Tuda ke da ƙannenki, da duk wanda ya ajiye garmarsa yau ya zo, assalamu alaikum.

Ina can gangare wajen amyoyin zumana Amgar ya kira ni a waya, ya ce jama'a ta zaɓe ni in yi magana a arba'in ɗin Si Haddu, tunda ni ne abokinsa tun muna yawo ba wando. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na zauna na tsara kalamai masu zaƙi, irin waɗanda ake faɗa mata su yi kuka, maza su gyaɗa kai, a ci abinci a watse. Shekaranjiya na hawo gida. Abin da na tarar ya sa kalaman nan suka zube mini a hanya, ban kuma koma na tsince su ba.

Si Haddu bai bar dukiya ba. Abu ɗaya ya bari, irin alkamar da darɓa, ƙwaron nan mai tsotsar ganye, ba ta iya kashewa, wanda ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa wajen samar da shi, ya kuma damƙa mana shi amana kafin ya cika. A kan wannan amanar zan yi magana, kuma wasu ba za su ji daɗi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma bari in fara ba mamaci haƙƙinsa, in faɗi ko wane ne shi, domin yaranmu da suka tashi a Fas da Kazablanka su san wanda aka yi wa abin da aka yi.

Ya kasance ɗan garin nan gaba da baya. Tare muka yi kiwon awaki a bayan dutsen maƙabarta. Ni ina bin ƙudan zuma in ga ramin da suke shiga, shi yana durƙushe yana kallon ciyawa, awaki kuwa suna cikin sha'irin mutane. Duka ɗaya muke sha. Da aka kai shi makaranta Sefru, daga nan Miknas karatun noma, muka ce shi ke nan, dutse ya yi asarar ɗa. Ya yi aikinsa a tashar bincike har kansa ya yi fari. Da ya ajiye aiki kowa ya ɗauka zai sayi gida a Fas, ya riƙa zama a gidan shayi yana karanta jarida kamar sauran. Sai ga shi a bayan motar kaya, shi da Lalla Ittu da katifu da tukwanen shuka, tukwanen ma sun fi katifun yawa.

Ya kasance mutumin da bai manta da shekarar darɓa ba, alhali mu da ta ci so muke mu manta. Manya kun tuna. Mun shuka a Nuwamba kamar kullum, alkama ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara lafiya lau, ta tashi a Maris kore shar, har mutum ya fara zancen auren ɗansa. Sai ganye ya fara nannaɗewa kamar na albasa, da fararen zane a jikinsa. Ka warware ganyen ka ga 'yan ƙwarin nan kamar kwarkwata, cunkus a ciki, suna tsotsa. Zangarniya ta zo fita ta rasa hanya, ta lanƙwashe a ciki ta bushe. A shekarar nan mutanen Amalu, masu sayar da alkama tun kaka da kakanni, muka sauka kasuwar Sefru da tumakinmu muka dawo da garin buhu. Daga nan muka koyi feshi. Tun daga lokacin ba shekarar da ba mu sayi magani ba, kuma kun sani kamar yadda na sani, ƙwaron yana ɓoye cikin naɗin ganye, rabin maganin a banza yake tafiya.

Ni a kan amyoyina feshin ya sauka. Wata safiya na je na tarar da ƙudajena a ƙasa baƙi ƙirin, da tsintsiya na tara su. Ina zaune a kan dutse Haddu ya zo, lokacin yana hutu. Bai yi mini jaje ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce akwai wata alkama a can ƙolin dutse, wajen wata tsohuwa da ta ƙi sabon iri. Ja ce, doguwa, irin ta kakanninmu, ba ta da auki, iska kaɗan ta kwantar da ita, amma ya duba ganyenta a tsakiyar annoba ya same shi a buɗe. Ya ce in aka haɗa taurin kan waccan da aukin wadda muke shukawa, an gama da feshi. Na tambaye shi shekara nawa wannan zai ci. Ya ce goma sha wani abu, in Allah ya ba da rai. Na ce to Allah ya ba da sa'a, ƙudajena dai sun riga sun mutu.

Ya kasance mai haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ga namiji ba. Na sha samunsa a durƙushe da hantsaki da tabarau, yana buɗe furen alkama ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko garin wannan ya sa wa waccan, ya rufe da 'yar takarda ya ɗaure. Ɗaurin aure yake yi, in ji shi, kuma shi ne waliyyin ango, shi ne na amarya.

Amma ba wannan ne ya ja masa suna a garin nan ba. Ba yadda za a yi ka san wace alkama ce ke jure darɓa sai ka bar darɓa ta hau ta. Don haka ya roƙi jama'a ta ara masa ɗan filin nan na bakin rafi, aka ba shi, ya kewaye da ƙaya. Ya shuka 'ya'yan auren nan layi-layi a tsakiya, ya zagaye su da alkamar da darɓa ta fi so, don ta jawo ta. Shekarar da ƙwaron ya yi nawa, sai ya bi gonakin mutane ya tsinko ganyen da ke ɗauke da shi, ya kawo a kwando, ya bi layi yana rabawa kamar mai rabon dabino ranar suna. Wadda ta naɗe ya tuge ya yar. Wadda ta tsaya ya ajiye irinta, baɗi a sake. Da sanyi kuwa ƙwarin a tukwane suke kwana kusa da murhu, kada su mutu masa. Lalla Ittu ta taɓa ce mini a gidan nan kwarkwata ce ke da wurin ɗumi, mutane sai abin da ta rage.

Aka sa masa Mai Kiwon Kwarkwata. Yara suna rera masa a hanya, iyayensu suna ji suna kawar da kai. In ya shiga gidan shayi sai wani ya fara sosa ƙeya, a kwashe da dariya. Shi kuwa ko a jikinsa. A kaina kaɗai yake ramawa, ya ce, “Bassu, kai mai kiwon ƙuda, ni mai kiwon kwarkwata, wa zai yi wa wani gori? Naka ma har harbi suke yi.” An kai ƙararsa gaban jama'a ba sau ɗaya ba, wai gonarsa ce ke aiko wa maƙwabta ƙwari. Amgar, kai ka zauna a kan maganar, ka tuna yadda ya tsaya riƙe da hularsa yana bayani, yana ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba.

Ya kasance ba ya yaudarar kansa, balle ya yaudari wani. Akwai wani layi da ya ƙwallafa rai a kansa, har ya sa masa sunan Tuda. Shekara da shekaru yana tsaye, sai wata shekara ganyensa ya naɗe. Na ce masa ya bar shi mana, ƙila shekarar ce kawai. Ya tuge shi da hannunsa yana share ido da gefen hannun riga, ya ce in shi ya yi masa alfarma, darɓa ba za ta yi ba.

Ya kasance kuma, duk da sunan da aka sa masa, shi ne wanda ake buga wa ƙofa. Wanda tuffarsa ta yi tsutsa, Haddu. Wanda alkamarsa ta yi tsatsa, Haddu. Wanda ya sayo magani ya kasa karanta abin da ke jikin kwalbar, Haddu. Mutumin da ya tsani feshi shi ne ya koya mana yadda za mu yi shi ba mu kashe kanmu ba, a rufe baki da hanci, kar a yi cikin iska, a bari sai ƙudan zuma sun koma gida. Wanda ya yi masa sosar ƙeya jiya, yau in ya zo da kuka Haddu zai ɗauki sandarsa ya bi shi gona. Ladansa kofin shayi, shi ma sai an matsa masa, kuma sai ya ce sukari ya yi yawa.

Bana Allah ya nuna mana. Darɓa ta zo da ƙarfin da ba ta zo da shi ba tun waccan shekarar. Wasu sun fesa sun sake fesawa, duk da haka gonaki suka yi fari-fari. Filin Haddu ko ɗigon magani bai gani ba. Alkamar da ya zagaye da ita ta mutu, sai 'yan tsirarun da suka kai ga ƙwaya da ƙyar, ta tsakiya kuwa tana tsaye, ganye a buɗe, zangarniya ta cika har ta sunkuya. Duk mun je mun gani. Na ga dattijon da ya durƙusa yana bin ganye yana neman ƙwaro, ya samu 'yan kaɗan suna yawo kamar baƙin da ba a ba wurin zama ba. Haddu yana tsaye a bakin ƙaya, ya dogara da sandarsa. Ranar na fara lura ya rame.

To amma kun san mu. Kafin a kai ga girbi magana ta fara yawo a ƙasa-ƙasa, wai irin da ya girma cikin kwarkwata da kwarkwata zai fito, ƙwan yana cikin ƙwayar, duk wanda ya shuka ya kai annoba gonarsa da hannunsa. Haddu ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Ya ce ƙwaron nan a ciyawar bakin gona yake cin rani, iska ke ɗauko shi, ba ya shiga ƙwaya, ba ruwansa da ita. Ya fasa ƙwaya da haƙori a gaban mutane, ya miƙa gilashinsa na duba ƙwari ya ce kowa ya duba. Aka ce haka ne, Si Haddu, gaskiyarka. Kun san irin “haka ne” ɗin da muke ce wa likita in ya hana mu sukari.

Bai yarda injin girbi ya shiga filin ba, kada irin wani ya gauraya da nasa. Da lauje muka yanke, shi da Tuda da ni. A tsakar gidan nan aka sussuke a kan shimfiɗa, Lalla Ittu ta sheƙe da hannunta. Buhunan ba su da yawa, alfadari biyu za su kwashe su. Ya ɗinke bakinsu da jan zare, ya jera su a ɗakin ajiya na dama, nesa da alkamar ci da ke na hagu. Mutanen tasha, ga ku nan, kun ce masa ba ku karɓar iri sai manoma sun shuka shi a gonakinsu sun shaida. Ƙa'idarku ce, ban zo in yi muku gardama ba. Ina faɗa ne don kowa ya san cewa a duk duniya babu wannan alkama a ko'ina sai a ɗakin nan na dama.

Da ya ga jiki ya ƙi, ya aika a kira masa masu gida bayan sallar Juma'a. Aka fito da shi kan tabarma a gindin ɓauren can, aka jingina shi da matashi. Ya ce ba ya roƙon kowa ya ba da gonarsa duka. In shuka ta zo kowane gida ya ɗauki mudu ɗaya, ya ware ɗan gefe ya zuba, kar ya fesa, ya ga abin da Allah zai yi. In ta yi kyau a mayar da mudu biyu don wanda bai samu ba. Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya ce, “In ta mutu muku, ku zo kabarina ku zage ni son ranku. Ba zan rama ba.” Aka yi dariya, wasu da hawaye. Sannan ya juya ga Amgar ya ce, “Ɗan baffa, mabuɗin ɗakin a hannunka zan bari. Ittu za ta shiga takaba, ba za ta iya bin gidaje ba.” Amgar ya karɓa da hannu biyu. Muka ɗaga hannu, liman ya ja Fatiha, muka shafa. A garin nan da Fatiha muke sayar da gona, da ita muke raba ruwan rafi, da ita muke kashe gabar jini, ban taɓa jin an nemi takarda a bayanta ba. Ba a daɗe ba ya cika.

Da aka share makoki na sauka da amyoyina gangare, don sanyin dutse ba ya tausayin ƙuda. Shekaranjiya da na dawo, ko takalmi ban cire ba na ɗauki 'yar jakata na nufo gidan nan karɓar muduna, tunda ruwa ya sauka, shuka ta kama. Na tarar da ƙofar ɗakin dama a buɗe, an share ƙasa tas. Raina ya yi fari, na ce alhamdu lillahi, an riga an raba, ni ne na makara. Sai na ga Tuda a tsaye ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce, “Baffa Bassu, an kai su injin niƙa. Kuskus ɗin arba'in.”

Ku bar surutun, ku ji ni. Kuskus ɗin da ƙamshinsa ke fitowa daga ciki yanzu, wanda za a jero mana da zarar na zauna, shi ne alkamar Si Haddu. Dukanta. Shekara goma sha wani abu na durƙuso da hantsaki, an niƙe, an turara, an zuba masa romon rago da kabewa.

Na je wajen Amgar. Ya zuba mini shayi, ban sha ba. Ya ce ai al'ada ce, sadakar mamaci daga hatsinsa take fitowa, kuma daga mafi kyawunsa, ba a yi wa mutum kamar Haddu sadaka da abin da aka ga dama. Ya ce ba shi kaɗai ya yanke ba, dattawa sun zauna, ba wanda ya ce a'a. Na ce to ɗakin hagu fa, wanda ke cike da alkamar ci. Ya juya kofinsa, ya ce, “Bassu, ba wanda zai shuka ta. Kowa tsoro yake ji, kowa kuma kunyar Fatiha yake ji. Da a bar ta a ɗaki tana kallonmu, gara ta tafi a sadaka, ladan ya same shi. A bar kaza cikin gashinta.”

Amgar, na gode da ka faɗa mini gaskiya, shi ya sa nake maimaita ta a gaban jama'a, kada gobe a ce kuskure ne. Da kuskure ne da na yi kukana na yi shiru. Zama aka yi, aka nemi ƙofar da za a fita daga alkawari ba tare da an ce an karya shi ba, aka tuna da al'ada, aka laɓe a bayanta.

To mu yi maganar al'ada, ni ma a nan aka yanke mini cibi. Kakata ta ba ni labarin shekarar yunwa, lokacin da mutanen garin nan suka ci 'ya'yan itacen daji da saiwar ciyawa, suka binne yara, tulun iri yana kusurwar ɗaki a liƙe da laka, ba wanda ya fasa. Uwa tana kallon ɗanta yana kuka, tana kallon tulun, ta juya wa tulun baya. Al'adar Amalu ke nan, ba a cin iri. Su da yunwa ba su ci ba. Mu da ƙoshi, da ɗakin hagu a cike, muka kai shi inji, muka kuma ce don girmama mai shi ne. An yi wa mai dami ɗaya sata, aka dafa damin, aka ce sadakarsa ce.

Ina cewa mu, domin hannuna yana cikin hannuwan da suka tashi a gindin ɓauren can, kuma ba ni da wani gari sai wannan. Amma wallahi raina ya ɓaci, kuma ba na jin zai gyaru nan kusa. Wanda ke tsoro, da ya ce yana tsoro, tsoro ba laifi ba ne. Da an ce mini, Bassu, mun fasa, zo ka kwashe kayan abokinka, da na shuka su har a kan rufin ɗakina. Ko mudu ɗaya nawa, wanda mamaci ya kira sunana ya ba ni, ba a bar mini ba. Aka kira ni a waya aka ce in zo in yabe shi, ashe a ranar buhunan suna kan alfadari.

Lalla Ittu, ki gafarce ni, zan faɗi naki, domin ya kamata a sani. Da aka zo ɗaukar buhunan ce mata aka yi rabo za a kai. Tana cikin takaba, ba ta leƙa waje, ta ba da gaskiya. Da mata suka taru murzar kuskus a tsakar gida, aka ajiye mata akushi a gabanta, ta tsoma hannu cikin tsakin. Matar da ta sheƙe alkamar nan shekara da shekaru, ta san launinta, ta san ƙamshinta. Tuda ta ce hannun ya tsaya a cikin akushin har matan suka daina hira. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta ce, “Ku murza da kyau. Kada kuma a bari ya kama a tukunya.” Ta ci gaba da murzawa har aka gama. Lalla, ba ni da kalmar da zan ba ki haƙuri da ita. Mutuwar mijinki ikon Allah ce, kin karɓa. Wannan kuwa mu muka yi, muka kuma sa ki aikinsa da hannunki.

Tuda, 'yata, ke da ƙannenki, kada ku taɓa jin kunyar sunan da aka sa wa ubanku. Ya kasance mai kiwon kwarkwata, i, ya kiwata ta ne don ya gano yadda za mu rabu da ita. Ya kasance mai gaskiya har ya ɗauka kowa haka yake. Ya kasance ya san halin ƙwaro ciki da bai, amma bai san halin mutanen garinsu ba, ko kuwa ya sani ya ƙi yarda, wannan ban sani ba.

Saura abu ɗaya, shi ya hana ni zama a gida in rufe ƙofa yau. Jiya Tuda ta ja ni filin bakin rafi. Ƙayar da ya kewaye shi da ita ta hana tumaki shiga bayan girbi, ruwan makon jiya kuma ya jiƙa ƙasa. Gyauro ya fito. Ƙwayoyin da suka zube daga lauje, waɗanda tururuwa da tsuntsaye suka rage, sun tsiro nan ɗaya can ɗaya, ko tsawon yatsa ba su kai ba. A gauraye suke, nasa da na alkamar da ya zagaye da ita, ido ba ya raba su. Darɓa ce kawai za ta raba, in an bar su sun kwana ƙarƙashin ƙanƙara, in an bar ta ta hau su a Maris ba a fesa ba. Abin da ganyensa ya tsaya a buɗe, shi ne ragowar aikin Haddu. Ƙila a samu cikin tafi biyu, ƙila a samu babu. Tuda ta ce ta san aikin, za ta riƙa hawowa daga makarantar da take koyarwa a Sefru.

Sai dai filin na jama'a ne, aro aka ba shi, mai aro kuma ya mutu. An riga an yi ƙuri'ar wanda zai noma shi bana, ta faɗa kan wanda ta faɗa. Ba zan kama sunansa ba, yana zaune a nan yana kallon takalminsa. An ce mini tarakta za ta shiga ranar Litinin. Abin da nake nema shi ne a bar filin nan shekara ɗaya, kar a huɗa, kar a fesa, kar a cire ƙayar. Ba zan ce mu ɗaga hannu a shafa Fatiha a kai ba. Liman, ka yafe mini, Fatiha ba ta da laifi, amma ba zan sake jawo ta cikin bakunanmu a kan maganar alkama ba. Litinin da safe ina bakin ƙayar. Tsoho ne ni, gwiwa ɗaya ce mai aiki, tarakta ta fi ƙarfina. Wanda ya ga dama ya zo ya tsaya kusa da ni. Wanda bai zo ba, ba zan bi shi gida ba, amma zan san bai zo ba.

Yanzu za a kawo abinci. Kada wanda ya tashi, kada wanda ya ce ya ƙoshi. Sadakar mamaci ce, matarsa ta murza, kuma abincin Allah ba a zubar da shi. Ku ci, ku sa hankali ku ji ɗanɗanonsa, don ku iya ba jikokinku labari in sun tambaya. Ni ma zan ci. Ban san yadda zai wuce mini ba, amma zan ci.

Mai girma Ƙa'id, baƙinmu na nesa da na kusa, mun gode, ku yi haƙuri, kun zo addu'a kun tarar da rigimar cikin gida. Malamai, mun gode. Matan da suka yini a bakin murhu, waɗanda yawancinsu ba su san abin da suke dafawa ba, mun gode, ba ku da alhaki.

Ya Allah, ga bawanka Haddu ɗan Yamna ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka saukar da shi a lambun da babu ƙwari babu fari. Ka ba Ittu da 'ya'yanta haƙurin da ba mu cancanci su yi mana ba. Ka tsare 'yan tsiron nan na bakin rafi daga sanyi mai kisa, ka tsare su daga gare mu. Ya Allah, malamanmu sun ce ana nuna wa mamata ayyukan waɗanda suka bari, su yi murna ko su yi baƙin ciki. Bawanka ya tafi yana ganin mu mutanen kirki ne. Muna roƙonka, ladan sadakar nan ka kai masa cikakke, amma kada ka gaya masa da me aka yi ta. Amin.